Maɗorin da Ya Kai Jikarsa Asibiti

Daga Allah muka fito, kuma can muka dosa gaba ɗayanmu. Surukina, mahaifin maigidana, wanda muke kira Baba, ya riga mu isa. Ya cika da hantsi a ɗakinsa a Aliero, ana tsakiyar kwasar albasa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Ni ina cikin gida tare da mata, saboda haka abin da ya gudana a ƙofar gida maigidana ne ya ba ni labari. Ya ce bai taɓa ganin zaman makokin da mutane ke ta naɗe ƙafar wando ba sai wannan. Duk wanda ya zo, in an yi addu'a an shafa, sai ya janye wando ko hannun riga ya nuna inda Baba ya ɗora shi. 'Yan kabu-kabun Jega ayari guda suka yo. Wani mahauci da sa ya taɓa take wa cinya ya taso tun daga Maiyama, ya zauna yana ta bugun cinyar da tafin hannu. Wani tsoho daga Jiga Makera ya ce shi Baba ya ɗora shi, ya kuma zage shi tas, don ya kwance karan ɗorin tun bai ƙosa ba ya tafi gona. Aka yi dariya a inda ba a saba yin ta ba.

Cikin gida kuwa baƙin wasu iri ne daban. Mata ne goye da yaran da suka wuce goyo, wasu kansu a langaɓe, wasu da tsumma a ƙirji saboda yawu. Wata mata daga Liba ta shigo da yaro riƙe da gefen zanenta, yana tafiya yana jan ƙafa ɗaya. Ta durƙusa gaban Inna, uwar maigidana, ta ce, "Inna, wanga yaro da kinka gani, ba don Allah ba da mai gidan ga, da yanzu ko kabarinai ban sani ba." Inna ta kama hannun yaron ta riƙe. Na ji wata goggon maigidana da ta zo daga nesa tana tambayar ta kusa da ita a hankali, "Waɗanga fa? Su ma karaya sunka yi?"

Tambayar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Labarin ƙasusuwan da Baba ya ɗora ba zai ɓace ba, masu su na yawo da su a kasuwanni. Amma labarin yaran nan a tsakar gida ya faru, kuma ni ce na fi kowa ganinsa, don da 'yata aka fara.

Ni 'yar Jega ce, daga unguwar Jega Magaji aka kawo ni gidan. A shekarun farko na aurena ban san fuskar Baba sosai ba. Ƙafafunsa na sani, da takalmansa na fata da ya take wa dunduniya. In ya yi gyaran murya zai shigo, nakan durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon katanga, ya wuce. In yana son wani abu daga gare ni, Inna yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Haka muka tashi muka ga ana yi, kuma babu wanda abin ya dama.

Amma ina jin sa. Zaurensa ba ya rabuwa da mutum kwance, ƙafa ɗaure da kara da tsumma, kuma muryar Baba na ratsa katanga. Mai faɗa ne, kada wanda ya ce muku ba haka ba. In mai karaya ya motsa ƙafa ba da izininsa ba, har maƙwabta sai sun ji. Ba ya yabo. In ɗori ya yi kyau, iyakar abin da zai ce, "To, tashi ka ba wani wuri." Yana da ɗabi'ar latsa duk abin da ya shigo hannunsa da babban yatsa, albasa ce, goro ne, ko ƙafar akuya. Yakan gane mai shigowa daga takunsa tun bai yi sallama ba. Kuma yana da maganar da almajiran sana'arsa suka haddace saboda yawan ji: "Hannu mai gaugawa ba ya ɗori."

'Yata ita ce haihuwata ta biyu. Naƙudar ta yi tsawo a gida kafin a kai ni asibiti, kuma da ta faɗo ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe ana fama. Bayan suna idanunta suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe har ta washe. Muka ɗauka an wuce wurin. Sai da tsararrakinta suka fara zama na lura ita ko wuyanta ba ta riƙe ba. Hannuwanta kullum a dunƙule, babban yatsa a ciki. In na ɗauke ta sai ta banƙare ta sandare, ƙafafunta su harɗe. In na ba ta kunu sai ta shaƙe, ta yi ta tari har fuskarta ta canja.

Baba ya ɗauki abin a matsayin aikinsa. Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika, kuma kowace safiya sai ya aiko a kai masa amaryarsa. Inna ce ke kai ta. Ya shafe ta da man shanu, ya yi mata tausa tun daga wuya har tafin ƙafa, ya yi tofi, a dawo min da ita tana ƙamshin mai. Babu wanda ya yi tunanin wani wuri. Gidan da ake zuwa daga garuruwa neman lafiyar gaɓa, ina kuma za a kai yarinyar gida? Aka yi shuka, aka yi noma, aka girbe gero, yarinya tana nan yadda take.

Wata safiya Inna ta leƙo ta ce Baba na kira na. Na ce, "Ni?" Ta ce, "Ke dai." Na same shi zaune a kan buzu, yarinyar kwance a cinyarsa. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Bai kalle ni ba, amma da ni ya yi magana, karo na farko ba tare da ɗan aike ba.

Ya ce, "Ɗiyata, na lalube yarinyar ga tun daga ƙeya har diddige. Babu ƙashin da yak karye, babu wanda yag goce. Abin da ad damunta ba ya ƙarƙashin hannuna. Ki shirya, gobe mu tai Birnin Kebbi."

Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ma maɗori ne, kuma abin bai yi masa daɗi ba. Na ji su a zaure da yamma. Baffa ya ce, "Yaya, gidan da mutane ka baro asibiti su taho, shi za a gani bisa layin asibiti? Mi za a ce da mu?" Baba ya ce, "A ce abin da anka ga dama. In rijiyarka ta ƙahe, ba ka hana ɗiyanka shan ruwan maƙwabta don kunya."

Maigidana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, shi ya kai mu. Likitan ya duba ta, ya yi min tambayoyi a kan haihuwar da shawarar, sannan ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta samu rauni tun wajen haihuwa, a ɓangaren da ke ba gaɓoɓi umarni. Raunin ba ya ƙaruwa, amma kuma ba ya gogewa. Abin da ake iya yi shi ne a koya wa jikin abin da bai koya da kansa ba, kuma gwargwadon saurin farawa, gwargwadon abin da ake samu.

Baba ya ce, "Da mun zo tun hwarko fa?"

Likitan ya ce, "Da ya fi, Baba. Amma yanzu ma ba a makara ba."

Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka wuce Jega Baba ya ce, yana kallon gonaki ta taga, "Watannin ga ni nic ci mata su." Maigidana ya ce ƙaddara ce. Baba ya ce, "Ƙaddara ta, amma da hannuna ta biyo."

Da muka sake komawa asibitin, aka tura mu sashen gashin ƙashi, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Ɗakin yara shimfiɗe yake da katifu a ƙasa, cike da iyaye mata. Mai kula da mu wata yarinya ce da ba ta wuce sa'ar autar Baba ba. Na zaci zai tsaya a waje kamar sauran maza. Sai ya cire takalmansa ya shigo ya zauna a ƙasa, shi kaɗai namiji, da rawaninsa. Matan suka yi ta gyara mayafi. Ya ce wa ma'aikaciyar, "Malama, koya min. Ni ka zama da ita da sahe."

Ta nuna masa yadda ake buɗe hannun da ya dunƙule. Ya kama, ya ja yatsun kamar yadda ya saba jan gaɓar da ta goce, yarinyar ta ƙara sandarewa ta fasa kuka. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, a hankali. Ba ja za ka yi ba. Riƙe za ka yi, ka jira ta sake da kanta." Baba ya tsaya ya dube ta, sannan ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce, "Yau an maido min da maganata." Daga ranar har ya bar duniya Malama yake ce mata, kuma in an kwashe albasa sai ya zaɓi masu kyau ya ce a kai mata.

Abin da aka koya mana ba wani abin mamaki ba ne, yawansa ne da maimaicinsa ke gajiyar da mutum. A kwantar da ita rub da ciki a kan naɗaɗɗen zane don ta koyi ɗaga kai. A zaunar da ita a kusurwar ɗaki ko cikin baho, a tokare da matasai. In za a ɗauke ta a raba ƙafafunta a kan ƙugu, kada a bari su harɗe. A ba ta kunu mai kauri tana zaune, da ƙaramin cokali, ba a kwance ba. A yi ta yi mata magana, a sa mata abin wasa inda sai ta miƙa hannu. Safiya ta Baba ce, kafin masu karaya su taru. Rana da yamma nawa ne. A nan kunyar da ke tsakaninmu ta ragu ba tare da kowa ya yi shawara ba, don ba yadda za a yi mutum biyu su riƙe yaro ɗaya, wannan kafaɗa wannan ƙugu, kowa na kallon katanga.

Hirarsa da ita ita ce abin kallo. Zai zaunar da ita a gabansa ya ba ta labarin wanda ya faɗo daga kan mangwaro da wanda babur ya kayar, sannan ya ce, "Ko ba haka ba, Amarya?" Ya yi shiru yana jira. Wani lokaci sai a daɗe kafin ta fitar da wani sauti daga maƙogwaro. Sai ya ce, "Ai kau, ni ma haka nic ce." Da ta fara haɗa kalmomi, da ƙyar, harshe na karkacewa, ya kafa doka a gidan: ba mai ƙarasa mata magana. In wani ya yi saurin cewa ruwa take so, sai ya daka tsawa, "Ku bar ta ta kai kayanta da kanta!" Mutane kan ce masa ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ya son karin maganar nan a kan yaro. Yakan ce, "Tun shina ɗanye, gaskiya na. Amma yaro ba tanƙwara shi aka yi ba, tallabe shi aka yi."

Rigimar da ta fi kowace girma a gidan ta zo ne tana wajen shekara uku. Ta riƙe wuya, tana zama in an tokare ta, amma tsayuwa babu alama. Kowa ya gaji, har ni. Sai maigidana ya dawo daga tasha da labarin wani mutum da ya buɗe wuri a Jega, mai gyaran ƙashin baya. An ce yana danna baya ya murɗa wuya, jijiyoyin da suka toshe su buɗe, yaron da ba ya tafiya ya tashi. Har hoton bidiyo aka tura masa a waya. Ya zo da zafinsa ya ce jibi zai kai ta. Ni ma zuciyata ta kwanta da abin, don uwa ko inuwar magani ta gani sai ta bi.

Baba bai hana ba, bai kuma yarda ba. Ya ce a bari ya gani tukuna. Ranar kasuwar Jega ya shiga mota ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo ya zauna a tsakar gida ya ba mu labari. Ya ce wurin tsaf yake, da wani dogon gado da siffar ƙashin bayan mutum ta roba a rataye. Ya ce wa mutumin bayansa ke ciwo, wanda kuma gaskiya ne, ya hau gadon ya kwanta.

Ya ce, "Yad danna ni, bayana yac ce ƙas-ƙas kamar ana karya kara. Wallahi na ji daɗi. Tun damina ban miƙe hakanan ba. Mutumin ya san hannunai."

Maigidana ya washe baki. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce bayan ya sauko ya kwatanta wa mutumin yarinyar, ya tambaye shi me zai yi mata. Mutumin ya ce zai daidaita mata wuya da baya. Baba ya tambaye shi ko ya taɓa ganin yaron da aka haifa haka ya tashi sarai a hannunsa. Mutumin ya ce wasu iyaye na cewa sun ga sauƙi, amma sai an gwada.

Baba ya ce, "Na gode mai da bai rantse min ba. Amma ciwon bayan tsoho daban, na yarinyar ga daban. Nata ba ga ƙashi shike ba, ni da hannuna na tabbatar, likita ya tabbatar. Kuma wuyan da bai daɗe da koyon riƙe kai ba, ba a gwaji da shi."

Maigidana mutum ne mai ladabi, ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ranar. Ya ce, "Baba, kai ka gwada naka wata da watanni, ba wanda yah hana ka. Ni ɗiyata ta. Ban da ikon gwada nawa?"

 Inna ta ajiye muciyar da ke hannunta. Na ɗauka Baba zai tashi da faɗa, yadda yake yi wa masu kwance kara. Sai ya ce a hankali, "Gaskiya kah hwaɗi. Na gwada, kuma ita tab biya. Shi as sa ba a ƙarawa. In ka ɗauke ta, ɗiyarka ta, ba ni tare hanya. Amma ba da bakina ba."

Maigidana ya fita. Ya daina cin tuwo a zaure tare da mahaifinsa, gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma an ɗauki makonni a haka. Ni ina tsakiya, in kai wa wannan abinci in kai wa wancan. Da ranar asibiti ta zo na tambayi Malama da likitan, maigidana na tsaye. Suka ce ba su ba da shawarar murɗa wuyan yaro irinta ba, kuma danna ƙashin baya ba ya gyara raunin da ke ƙwaƙwalwa. Maigidana ya ji da kunnensa. Bai kai ta wurin mutumin Jega ba, bai kuma ce ya fasa ba.

Babu wanda ya ba wani haƙuri. Wata rana dai ya dawo da dogayen sandunan itacen turare biyu ɗaure a saman mota, irin waɗanda Malama ta ce a kafa wa yarinya ta riƙa dafawa tana koyon tsayuwa. Ya fara gina rami a gindin darbejiya. Baba ya fito ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Wanga rami bai yi zurhi ba." Ya karɓi dagin. Da magariba na ga an kai kwanon tuwo ɗaya zaure. Shi kuwa Baba, in bayansa ya matsa masa, yakan je Jega wurin mutumin nan a danna shi, ya dawo yana yabonsa. Bai ga wani saɓani a cikin haka ba.

Matar Liba da na ambata ta zo ne bayan wannan. Ta shigo da rana tsaka, goye da yaro, ta ce ɗori ta kawo shi. Baba ya lalube shi ya ce babu karaya, sai ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Yaron ya shekara ba ya zama, jikinsa laƙwas, kuma dangin mijinta sun yanke cewa ɗan ruwa ne, ba mutum ba. Sun sa rana za a kai shi bakin gulbi a ajiye a juya baya, wai zai rikiɗe ya koma inda ya fito. Ita kuma ta ce za ta kai shi Aliero a duba ƙafarsa, ta gudo.

Baba ya sa aka kira ni da 'yata. Ya zaunar da ita kusa da yaron, ya ce wa matar, "Dibi wagga. Jikata ta. In naki ɗan ruwa na, to ga babbarsu nan, gidana taka kwana tana tashi, ba ta taɓa zama maciji ba." Matar ta kwana biyu a ɗakina. Sannan Baba ya sa maigidana ya kai shi Liba. Ya zauna da kakan yaron da limamin unguwarsu tun hantsi har la'asar. Da ya dawo Inna ta tambaye shi me ya gaya musu. Ya ce, "Zancen gero munka yi." Abin da muka sani dai, mijin matar da kansa ya zo ya ɗauke su, kuma a ranar asibiti ta gaba mun same su a can.

Daga nan irin waɗannan mata suka fara zuwa, ɗaya ta gaya wa ɗaya. Baba zai duba yaro ya tabbatar ba karaya ba ce, ba targaɗe ba, sannan ya ce, "Wanga ba aikina ba na. Ku tai asibiti gobe. Ban ce bayan girbi ba, ban ce in an sai da albasa ba. Gobe." Sai ya turo su wurina in nuna musu yadda ake zaunar da yaro da yadda ake ba shi kunu kada ya shaƙe, kafin su samu zuwa. Ba zan ce duka sun je ba. Wasu mazan sun hana, wasu nisa ya karya su bayan zuwa kaɗan. Akwai yaran da suka rasu, akwai waɗanda har yau ba su zauna ba duk da an yi ƙoƙari. Baba bai taɓa yi wa uwa alkawarin ɗanta zai yi tafiya ba. In an matsa masa yakan ce, "Ban sani ba. Abin da nis sani, wanda anka taimaka ya hi wanda anka aje."

'Yata yanzu ta kusa shekara goma. Ba ta tafiya ba tare da dafa wani abu ba. Tana da abin turawa mai tayoyi da wani mai walda a Jega ya ƙera mata, da shi take zagaya gida har ƙofar zaure. Hannunta na hagu bai buɗe sosai ba. Tana zuwa makarantar boko da Islamiyya a bayan keken yayanta, tana cin abinci da kanta, tana magana a hankali, baƙo sai ya kasa kunne kafin ya gane. Tana da tsiwa. Wannan kuma ba a asibiti ta koyo ba.

Ciwon ajalin Baba a ƙirji ya kama shi. Numfashi ya riƙa yi masa wuya, aka kai shi asibiti aka dawo, ya ƙi kwanciya sai jingina. Kwana kaɗan kafin ya cika na kai masa kunu, ya tambaye ni yaushe ne ranar asibitin Amarya. Na ce mako mai zuwa. Ya ce, "Ko mi af faru, kada a ɗaga." Na ce to. Ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Kin yi ƙoƙari." A iya zamana a gidan, yabon da na taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Ranar asibitin ta faɗo ana cikin zaman makoki, gida cike da baƙi. Na yi niyyar bari sai wani makon, amma Inna ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kan tabarmar takaba, 'yata na jingine a jikinta, ta ja gefen mayafin Inna ta rufe kanta da shi. Inna ta ce maigidana ya tayar da mota, mu shirya.

Yarinyar ta girgiza kai. Ta fara haɗa magana, matan da ke ɗakin suka yi shiru, 'yan gida don sun saba, baƙi don sun ga mun yi. Ta daɗe kafin ta kai ƙarshe.

Ta ce, "Ba ni... hita. Mijina... ya rasu. Takaba... nika yi."

Ɗakin ya ɗauki dariya, wasu na dariyar suna share ido da bakin mayafi. Inna ta yi dariya har ta dafe ƙirji, karo na farko tun ranar rasuwar. Sannan ta zare mayafinta daga kan yarinyar, ta gyara mata ɗankwali.

Ta ce, "Tashi, ke. Takabarki da tawa ba ɗaya ba. Shi da kainai yac ce taki ana zuwa asibiti."

Muka tafi. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa faɗansa da kurakuransa, ya tallabe shi a ranar da kowa ke neman mai tallaba. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.